Wankin Kafireto Bai Kammala Ba Sai An Gwada Cok

Babu aikin da kanikawan babur suke yi kullum, daga Kano har Maraɗi, kamar wankin kafireto. Babur ya fara shaƙewa, ko ya ƙi riƙe silo, ko yana yanke wuta a kan hanya, sai a ce datti ne. A kwance kafireton, a zuba kayan cikinsa a gindin galan da aka yanke, a wanke da fetur, a hura, a mayar. Yaron gareji ya buga kik, inji ya tashi, a murɗa totur sau biyu ko uku har salansa ta yi kuka, mai babur ya biya ya kama gabansa. Kowa ya gamsu, domin abin da ake son gani an gani: babur ya tashi. Ni kuwa a ganina tashin nan bai nuna komai game da lafiyar cok ba, alhali cok na cikin abubuwan da aka fi ɓatawa wajen mayar da kafireto. Ana wanki da rana tsaka, inji na da ɗumi, lokacin da babu mai bukatar cok. Shi kuwa aikinsa na asuba ne, sa'ad da bakanike ke gidansa. Don haka bai kamata a ce an gama wanki ba sai an gwada cok a gaban mai babur, kuma tashin safiyar farko ya zauna a wuyan wanda ya yi aikin.

Sai an san abin da ya sa aka yi cok sannan a gane nauyin maganar. Injin fetur ba ruwan mai yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa gauraye da iska, kuma haɗin da ke ƙonewa tas shi ne kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, idan da nauyi aka auna. In inji ya yi zafi, man da kafireto ya feso kan zama tururi tun kafin ya isa kan fistin. In kuwa ya kwana ya huce, sai mai da yawa ya lafe a jikin bututun shiga da bangon silinda yana ruwa, abin da ya isa ga fulogi ya zama kusan iska zalla, tartsatsi ya rasa abin kamawa. Maganin shi ne a ƙara mai fiye da ƙima na ɗan lokaci, domin ko kaɗan ne daga ciki ya zama tururi ya wadatar. Iyakar aikin cok ke nan. Minti ɗaya ko biyu ne rabonsa a yini, daga nan dole ya janye gaba ɗaya, domin ƙarin man da ya taimaki inji mai sanyi shi ne ke shaƙe inji mai zafi.

Cok ba duka iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su na jawo ɓarna. Iri biyu ne a baburan da ke yawo a titunanmu. Akwai mai faifai, wato wani ɗan faranti a bakin kafireto ta wajen da iska ke shigowa. In an ja shi ya rufe bakin, sai zuƙar inji ta koma kan mai. Irinsa ne a kafireton Keihin na Honda CG125, babur ɗin da ya fito a 1975, wanda kamfanonin ƙasar Sin suka kwaikwayi injinsa suka cika kasuwannin Afirka da shi. Na biyun ba ya rufe iska ko kaɗan. Wata 'yar hanya ce ta daban a cikin jikin kafireton, tana zuƙo mai daga gindin kofinsa ta wani siririn jet nata na kanta, ta kai shi can gaba da ƙofar totur. Bakin hanyar wani ɗan sandan tagulla ne ke toshe shi, da roba a ƙasansa da sifirin da ke danne shi, jan cok kuma ɗaga wannan sanda yake yi. Wannan tsari ya fi yawa a kafireton Mikuni da masu kwaikwayonsa. Mai irin wannan cok, in ya murɗa totur yana buga kik, ya kashe aikin cok da hannunsa, domin buɗe ƙofar totur na rage zuƙar da ke jawo mai ta 'yar hanyar nan.

A wannan na biyun ne wanki ya fi yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta ganuwa daga waje. Robar ƙasan sandan ba ta kai ƙwayar wake ba, amma ita ce kaɗai ke hana mai bin hanyar cok duk yini. In ta tsufa ta yi tauri, ko aka jiƙa ta a maganin wanki mai kaifi irin na gwangwani ta kumbura ko ta tsage, ba za ta sake zama daram a mazauninta ba. Haka in ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a mazaunin, abin da ba shi da wuya a garejin da ake aiki a ƙasa a kan tsumma, ga iskar hunturu na kaɗawa. Sifirin ɗin kuma yakan yi tsalle ya ɓace a rairayi lokacin kwancewa, yaro ya ji tsoron faɗa wa maigidansa, ya mayar babu shi, ko ya sa wani da bai kai shi ƙarfi ba. Murfin da ke riƙe da su, a kafireto da yawa na roba ne mai tauri; a ɗora masa sifana a matse sai ya tsage, ko haƙoransa su hau juna, iska ta sami hanyar sata. Sai kuma jet ɗin cok da ke gindin kofi, inda ruwa da laka suka fi taruwa. An saba wanke babban jet da na silo saboda su ake kwancewa a riƙe a hannu, shi kuwa wannan sau da yawa a jikin kofin yake, ba ya fita, don haka a manta da shi. Sakamakon shi ne kafireto yana ƙyalli, cok na jawuwa lafiya lau a hannu, amma ko ɗigon mai ba ya wucewa.

Mai faifai ya fi sauƙin sha'ani, tunda in an cire robar iska ana ganinsa da ido: ko ya rufe ruf, ko ya buɗe ya kwanta miƙe, ko ya tsaya a tsakani. Abin tsoro a nan shi ne ƙananan sukurorin da ke riƙe faifan. In an kwance su aka mayar ba a ɗaure da kyau ba, babu inda za su faɗa sai cikin inji, kuma shi ya sa mai hankali ba ya taɓa su don wanki kawai. Inda cok ke da waya zuwa kan babur kuwa, ko wane iri ne, wayar na da nata rikicin. A bi da ita ta inda ba nan take bi ba, tanki ya danne ta, ko bakin kubenta bai zauna a gurbinsa ba, sai ta kasance a ɗame, tana ɗan ɗaga cok ko da an mayar da shi. Wani lokaci ma sai an karya kan babur hagu ko dama take ja.

Waɗannan kurakurai fuska biyu suke fitowa da ita, kuma ba wadda ke bayyana a lokacin biyan kuɗi. Cok ɗin da ba ya kamawa sai gobe da asuba za a sani, mai babur ya yi ta buga kik har gumi ya keto masa cikin sanyi, ko ya cinye batir da sitata, a ƙarshe a tura. Wannan aƙalla yana da alama. Wanda ya fi cuta shi ne cok ɗin da ba ya saki. Babur zai tashi da safe bugu ɗaya, har mai shi ya yi ta sa wa bakanike albarka, amma da ya yi zafi sai ya yi nauyi, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, tanki kuma ya riƙa ƙarewa kafin lokacin da aka saba. Da can, da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, har lita ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, ɗan acaɓa ba shi da wannan sararin. Abin da cok ke sha daga kuɗin cefane yake fita. Ɓarnar ba ta tsaya a tanki ba. Rarar fetur na wanke baƙin man da ke bangon silinda, ta gangara ta tsinka wanda ke ƙasa, kuma injuna irin na baburan CG da Boxer kusan lita ɗaya kacal suke ɗauka. Bayan wasu watanni a ce zoben fistin ya cinye, a ɗora laifin a kan jabun kaya, ba wanda zai tuna da wankin da aka yi a baya.

Akwai kuma yanayin da ake ɗora wa cok laifin da ba nasa ba, kuma a nan ne ake gane bakanike na gaske. Babur ya dawo daga wanki, yana tashi da cok, amma da an mayar da shi sai ya mutu, ko da ya yi zafi. Mai babur zai ce cok ya lalace. A'a, cok ne kaɗai ke aiki daidai a kafireton nan. Abin da yake nunawa shi ne hanyar silo ba ta ba da mai, sai shi ke cike gurbinta. Ko dai jet ɗin silo, wanda raminsa bai kai kaurin allura ba, har yanzu a toshe yake, ko ƙananan ramukan da ke gaba da shi ba a hure su ba, ko kuma iska na sata ta robar da ta haɗa kafireto da inji saboda ta tsage ko ba a ɗaure ta ba. Yakan kuma zamo an kwance sukurun daidaita haɗin silo ba a ƙirga zagayensa ba, ko 'yar robarsa da wasarsa sun faɗi. Abin da aka fi yi a irin wannan hali shi ne a ƙara silo har inji ya daina mutuwa, ko a ɗaga allurar kafireto, ko a zura wayar ƙarfe a jet a yi ta sakata har ramin ya faɗaɗa. Duk gyaran gangar Auzinawa ne: an rufe bakin alamar, an bar cutar, an kuma ƙara wata, domin jet ɗin da aka faɗaɗa ba ya komawa yadda yake.

Gwajin da nake kira a yi ba ya cin minti biyar, ba ya bukatar na'ura. Kafin a ɗaura kafireto, in cok ɗin mai sanda ne, a ja shi a saki, a ga ya koma da kansa da ƙarfin sifirin, a hura hanyarsa a tabbatar ta buɗe. Bayan an ɗaura, a taɓa wayar a ji tana da ɗan sako-sako, a karya kai hagu da dama inji na silo, a saurara ko sauti ya canza. Sannan, inji na da zafi, a ja cok. Lafiyayyen kafireto nan take zai nuna bai ji daɗi ba: sauti ya canza, inji ya yi nauyi ya nemi mutuwa, a mayar ya warware. In jan cok ya sa inji ya ƙara lafiya, to mai bai ishe shi ba, a koma kan hanyar silo da robar shiga. In kuwa ba abin da ya canza, ko dai cok ba ya kamawa, ko dama bai taɓa saki ba, kuma launin fulogi bayan ɗan zagaye zai raba gardama: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat iska ta yi yawa. Abin da wannan gwaji ba zai iya nunawa ba shi ne tashin sanyi kansa, shi ya sa na haɗa da sharaɗin safiyar farko.

Za a ce ƙasarmu ƙasar zafi ce, mutum kan yi wata da watanni bai taɓa cok ba, har wasu na ɗaure shi da waya ko su cire hannunsa su huta. A watan Afrilu maganar na da ƙamshin gaskiya. Amma a Disamba da Janairu sanyin asuba a Kano da Katsina da Agadas kan sauko ƙasa da digiri 15, na Jos, da ke kimanin mita 1,200 a kan tudu, ya fi haka tsanani, kuma da asubar ne ɗan acaɓa da mai kai madara da manomin rani ke fita. Ban da haka, rashin amfani da cok ba ya kare mutum daga cok mai yoyo, domin robar da ta tsage ba ta tambayar wane wata ake ciki. Har ma zan ƙara da abin da masu babura ba sa son ji: babur ɗin da ke tashi bugu ɗaya a tsakiyar hunturu ba tare da cok ba, sau da yawa ba ƙoshin lafiya ba ne, an saita shi ne yana shan mai fiye da ƙima. Mai shi ya sayi sauƙin minti ɗaya da asarar yini guda.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta bakanike, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ladan wanki ba shi da yawa, masu babura na tsaye a kansa kowa na sauri, wasu ma sai an yi ciniki kamar ana sayen tumatir. Ga shi ba shi da injin hura iska, ba shi da teburi, kuma robar cok da sifirin ɗinta ba ko'ina ake samunsu su kaɗai ba. Wanda aka biya kuɗin rabin aiki, in ya yi rabin aiki, da wuya a ce ya yi zalunci. Na yarda da wannan, kuma shi ya sa nake ganin gyaran ya haɗa da aljihun mai babur: wanda ke son a tsaya a duba masa, ya biya ladan tsayawar, ya kuma daina tsaye a kan mai aiki yana kallon agogo. Sai dai ƙarancin lada ba ya hana shimfiɗa tsumma mai tsabta, ko ƙirga zagayen sukuru kafin a kwance, ko cire robobi a ajiye gefe kafin a fesa magani. Waɗannan tarbiyya ce ba jari ba. Kuma shi kansa bakanike asara yake yi a tsarin yanzu, domin babur ɗin da ya dawo washegari da rigima ya cinye masa lokacin da ya fi minti biyar ɗin da ya yi tsiminsu, wanda bai dawo ba kuwa ya tafi garejin maƙwabci ne da labarinsa.

Ana kuma cewa laifin mai ne, ko na mai babur. Wani lokaci haka ne. Man da ake saya a galan a bakin titi kan zo da ruwa da datti, kuma ba a manta da farkon 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima har ya lalata ababen hawa. Akwai kuma masu mantawa da cok a jaye su yi ta tafiya. Amma ai wannan dalili ne na yin gwajin, ba na barinsa ba. Bakaniken da ya nuna wa mai babur da idonsa cewa cok na kamawa yana saki, ya kuma nuna masa wane ɓangare ne buɗe wane ne rufe, ya wanke kansa. In matsala ta taso daga baya an san inda za a duba. Wanda bai gwada ba, in ya ce man ne ba shi da kyau, ba shi da abin kafa hujja, kuma kalmar nan ta zama mafakar duk aikin da ba a gama ba.

Masu cewa a sayi sabon kafireto a huta, tunda na Sin na da araha, su sani sabon ma yana zuwa da nasa jet da nasa saitin da ba lallai su dace da injin ba, kuma wayar da ke ɗame za ta ɗame shi kamar yadda ta ɗame tsohon. Masu cewa zamanin kafireto ya wuce kuwa suna da gaskiya a wasu ƙasashe. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, dokar hayaƙi da ta fara aiki a Afrilun 2020 ta tura akasarin sababbin babura zuwa tsarin fesa mai na lantarki, wanda na'ura ke ƙara man sanyi da kanta. Amma baburan aiki da ake kawo mana har yanzu mafi yawansu na kafireto ne, saboda arha da sauƙin gyara a ƙauyen da babu na'urar bincike, kuma waɗanda ke kan hanya yanzu za su daɗe ana wanke su.

Wannan ba abin da gwamnati za ta kafa wa doka ba ne, kuma ba na son a ƙirƙiro wani jami'i mai rasit saboda cok. Hukumomi irin su NADDC da ITF da ke horar da masu sana'a na iya sa shi cikin darasi, amma yawancin kanikawan babur a gareji suka koya, a hannun maigida, don haka can ne al'adar za ta kafu ko ta ƙi kafuwa. Ƙungiyoyin kanikawa da na 'yan acaɓa sun saba yanke farashi su kuma sa a bi. Za su iya yanke cewa ladan wanki ya ƙunshi gwajin cok a gaban mai babur, kuma wanda babur ɗinsa ya ƙi tashi ko ya yi baƙin hayaƙi washegari ya dawo a sake dubawa ba tare da sabon lada ba, in ba wani kaya za a saya ba. Shi ma mai babur akwai nasa sharaɗin: in yana son a ga abin da ya gani da asuba, kada ya kawo injin da ya yi zafi a hanya ya ce a duba nan take. Ko ya bar shi ya kwana a gareji, ko ya zauna ya jira har kan silinda ya huce ya taɓu da hannu.